Yadda ake gina hujjar lissafi a jami'a, daga takardar shara zuwa rubutun ƙarshe

Yawancin waɗanda ke shiga sashen lissafi da ƙarfin gwiwa suke shiga. A sakandare su ake kira allo, wurinsu ake zuwa ranar jajibirin jarrabawa. Shekarar farko ma da sauƙi, don kalkulas bai yi nisa da abin da aka saba ba: a ba ka tambaya, ka bi dabara, amsa ta fito. Sai a aji biyu, ranar da malami ya daina rubuta "nemo" ya koma "nuna cewa", a nan ido ke raina fata. Ni ma ta nan na biyo. Takardar gwajina ta farko a analisis, fannin da ke kafa hujjar kalkulas, ta dawo jajir da biro, a ƙasa malamin ya rubuta tambaya ɗaya tak: wa ya ba ka wannan? Abin da na yi shi ne na ɗauki maganar da aka ce in nuna, na juya ta na sake juyawa har na iso 0 = 0, na ja layi biyu ina murna.

Tun daga lokacin na rubuta hujjoji da yawa, na kuma zauna da ɗalibai a tutoriyal shekara da shekaru. Abin da na gane shi ne hujja sau biyu ake yinta. Da farko ana tono ta da baya a takardar da ba wanda zai gani, sannan a rubuta ta da gaba a takardar da za a miƙa. Littafi da allo na biyun kawai suke nuna maka, shi ya sa kake ganin kamar marubucin wahayi aka yi masa.

Kafin mu shiga, ga ɗanɗano. Ka san hatimi mai gida 9, wanda ake jera 1 zuwa 9 kowane layi ya ba da jimla ɗaya. Irin wannan ilimin ne malamin Katsina, Muhammad al-Kishnawi, ya yi rubutu a kai a 1732, kafin ya rasu a Alƙahira a 1741. Duk wanda ya taɓa zana shi ya san 5 ce ke zama a tsakiya. Me ya sa dole sai 5? Jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, layuka 3 ne a kwance, don haka kowane layi 15. Layuka 4 ne ke ratsa tsakiya: na kwance, na tsaye, da na kusurwa biyu, jimlarsu 60. Waɗannan layukan sun taɓa kowane gida sau ɗaya, gidan tsakiya kuwa sau 4. Ke nan 60 daidai take da 45 da ƙarin lambar tsakiya sau 3, lambar tsakiya ta zama 5. Ba mu zana hatimi ko ɗaya ba, amma mun rufe bakin duk hatimin da za a taɓa zanawa. Wannan ita ce hujja.

Kayan aiki

Littattafan rubutu biyu. Ɗaya na shara, wanda za ka ɓata yadda kake so. Bayan tsofaffin takardun hoto ma ya isa, kuma ya fi arha. Ɗaya na tsabta, wanda hujja ba ta shiga cikinsa sai ta nuna. Kada ka haɗa su a littafi ɗaya, don idan kana tsoron ɓata shafi ba za ka gwada abin da ba ka da tabbas a kai ba.

Biro don aikin shara. Na fi son biro a kan fensir, domin hanyar da ka soke yau kan yi amfani gobe, in ka goge ta kuwa ta tafi.

Ƙananan katuna na ta'arifi. Yanka kwali, ka rubuta sunan abu a gaba, ma'anarsa cikakkiya a baya. A nan baiwar hadda take da amfani. Wanda ya tashi da allo ya san yadda ake riƙe karatu ba ragi ba ƙari, kuma haka ta'arifi yake so. Hujja kuwa ba a haddace ta; wanda ya yi haka, da an canza masa lamba ɗaya a jarrabawa shi ke nan.

Littafin kwas ɗaya da bayanan malaminka. Idan ta'arifinsu ya bambanta, bi na malamin, shi zai duba takardarka. In ba ka da littafi, ɗakin karatun sashe da 'yan ajin gaba da kai sun wadatar. Littafin analisis na shekara 30 baya bai tsufa ba.

Abokin karatu mai gardama, da allo da alli in an samu ajin da ba kowa. Waya da manhajar zane irin GeoGebra ko Desmos tana taimakawa wajen ganin siffar abu, amma ba dole ba ce. In an ɗauke wuta caji ya ƙare, zanen hannu yana yin aikin.

1. Raba maganar gida biyu

Ja layi a tsakiyar takardar shara. A dama rubuta abin da aka ba ka, a hagu abin da ake nema. Kusan kowace tiyorem, wato maganar lissafi da aka tabbatar da hujja, siffarta ɗaya ce: idan A, to B, ko da ba a furta "idan" ba. "Jimlar lambobin mara biyu cika ce" na nufin idan m da n mara ne, to m + n cika ce. Abin da ke dama naka ne, ka yi amfani da shi yadda kake so. Abin da ke hagu haramun ne ka taɓa shi a matsayin gaskiya har sai ka iso gare shi. Kuskurena na farko ke nan, kuma har yau shi na fi gani a takardun ɗalibai.

In maganar ta ce A da B kowanne na jawo ɗan'uwansa, hujjoji biyu ne a gabanka. Rubuta su daban, kowacce da nata layin.

2. Warware kowace kalma zuwa ta'arifinta

Mutum goma da suka ce mini sun maƙale, mafi yawansu a nan matsalar take: ba su rubuta ma'anar kalmomin ba. Ka san lamba cika a zuciyarka, amma sanin zuciya ba ya shiga lissafi. Rubuta: n cika ce idan n = 2k, k cikakkiyar lamba. Mara ce idan n = 2k + 1. a na raba b idan b = ac. Firam ita ce lamba sama da 1 wadda ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta. Da ka rubuta haka, hannunka ya samu abin kamawa. Lambobin mara biyu su ne 2j + 1 da 2k + 1, jimlarsu 2(j + k + 1), an gama. Lura da haruffa biyu na yi amfani da su. Wanda ya kira dukansu 2k + 1 ya nuna maganar ne kawai ga lamba da aka haɗa da kanta.

Kula sosai da "ga kowane" da "akwai", musamman wanda ya riga wani. "Kowane mutum akwai macen da ta haife shi" gaskiya ce. "Akwai macen da ta haifi kowane mutum" wata magana ce daban, alhali kalmomin kusan ɗaya ne. Rabin wahalar analisis a wannan jerin take.

3. Gwada da misalai, ka yi ƙoƙarin karya maganar

Kafin ka nemi hujja, sa lambobi ka gani. Gwada 0, 1, 2, lamba ƙasa da sifili, matiris (jadawalin lambobi) mai layi biyu. Amfaninsa biyu ne: za ka ga dalilin da ya sa maganar ke aiki, kuma in ƙarya ce za ka kama ta da wuri. Misali ɗaya da ya saɓa ya isa ya rushe magana.

Amma misali dubu ba sa tabbatar da ita. Ɗauki n² + n + 41. Sa 0, 1, 2, har 39, kowane karo firam za ka samu. Sa 40 ka ga 1681, wato 41 sau 41. Ferma, masanin Faransa, ya ga lambobi 3, 5, 17, 257 da 65537 duk firam ne, ya zaci duk 'yan wannan jerin haka suke. A 1732, shekarar da al-Kishnawi ke nasa rubutun, Oila, masanin lissafi ɗan Suwizalan, ya nuna ta gaba, 4294967297, tana rabuwa da 641. In Ferma ya zame a nan, ni da kai sai mu taka a hankali.

Akwai gwajin da nake so ƙwarai: cire sharaɗi ɗaya ka ga inda ginin zai faɗi. An ce fankshan (ƙa'idar da ke ba kowace x lamba ɗaya, f(x)) marar yankewa a kan rufaffen tsakani, daga a zuwa b har da bakunan biyu, yana da iyaka. To buɗe baki ɗaya. 1/x tsakanin 0 da 1, ban da 0, ba ya yankewa, amma yana ta hawa ba iyaka yayin da x ke matsowa 0. Yanzu ka san cewa duk hujjar da za ka rubuta dole ta yi amfani da rufewar bakin a wani wuri. In ba ta yi ba, akwai ɓaraka.

4. Zaɓi hanya

Fara da kai tsaye koyaushe: daga A ka taka zuwa B. In ta ƙi, ga sauran.

Juyi da kore. "Idan A to B" daidai take da "idan ba B, to ba A". Misali: idan n² cika ce, to n cika ce. Kai tsaye za ka tsaya a n² = 2k ba ka da abin yi da ita. Juya: a ce n mara ce, n = 2k + 1, sai n² = 4k² + 4k + 1 = 2(2k² + 2k) + 1, mara. Shi ke nan. Kada ka rikita wannan da juyi zalla, "idan B to A", wanda magana ce dabam da ka iya zama ƙarya. Duk Bakano ɗan Najeriya ne, ba duk ɗan Najeriya ne Bakano ba.

Cin karo. Ka ɗauka maganar ƙarya ce, ka bi ta har ta yi tufka da warwara. A ce √2 = a/b, kuma an rage juzu'in har ba lambar da ke raba a da b tare. Sai a² = 2b², don haka a² cika, don haka a cika bisa abin da muka nuna yanzu. Sa a = 2c, ka samu 4c² = 2b², wato b² = 2c², b ma cika. To 2 na raba su duka, alhali mun ce an gama ragewa. Karo ke nan. Wanda ya manta faɗin cewa an rage juzu'in tun farko ba shi da bangon da zai yi karo da shi.

Hujjar Yuklid, masanin lissafi Bagirke, ta wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, cewa firam ba su ƙarewa, a nan ɗalibai ke yawan ɓata ta. Ɗauki duk wani jerin firam mai iyaka, ninka su, ƙara 1. Ɗalibi sai ya rubuta "wannan sabuwar lamba firam ce". Ba lallai ba. 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 + 1 = 30031, wadda ita ce 59 × 509. Abin da za ka ce shi ne: lambar ta fi 1, don haka akwai firam da ke raba ta, kuma wannan firam ba ta cikin jerin, domin duk ta cikin jerin tana barin ragowar 1.

Indakshan. In maganar ta shafi kowace n daga 1 zuwa sama, nuna ta ga 1, sannan ka nuna in ta tabbata ga k za ta tabbata ga k + 1. Al-Karaji na Bagadaza ya yi amfani da wani salo nata tun wajen shekara ta 1000. Misali, jimlar lambobin mara n na farko ita ce n². Ga 1, a fili take. In jimlar k na farko k² ce, ta gaba ita ce 2k + 1, kuma k² + 2k + 1 = (k + 1)². Mutane na raina matakin farko don yana da sauƙi. Gwada wannan ƙaryar: n² + n mara ce kullum. Daga k zuwa k + 1 ƙarin da ake samu 2(k + 1) ne, cika, don haka in ta k mara ce ta gaba ma mara ce. Matakin biyu ya tafi sumul. Amma 1 + 1 = 2. Tsani ne lafiyayye da ba a jingina shi da komai ba.

5. Tono da baya a takardar shara

Nan ne zan daɗe, don efsilon (ε) da delta (δ) su ne suka fi sa ɗalibai tunanin canza sashe. Koshi, masanin Faransa, ya fara shimfiɗa wannan tsari a 1821, Wayastiras, masanin Jamus, ya gyara shi a Balin bayan wasu shekaru, kuma dalilinsu shi ne kalmar "yana matsowa" ba ta da ma'auni.

Ta'arifin ya ce: f(x) na dosar L yayin da x ke dosar a, idan ga kowane ε sama da 0, akwai δ sama da 0, ta yadda duk x da tazararsa da a ta fi 0 amma ba ta kai δ ba, tazarar f(x) da L ba ta kai ε ba. Karanta |x − a| a matsayin tazara tsakanin x da a, zai fi zauna maka.

Ni ina ɗaukarsa kamar ciniki. Abokin gardama ne ke fara tayi, ya ce kuskure kada ya kai ε. Kai kuma ka amsa da δ. Shi ke fara magana, don haka δ ɗinka na iya dogara da ε nasa. Ba ka da ikon zaɓar masa ε, kuma δ ba zai dogara da x ba, domin x sai bayan an gama ciniki yake shigowa.

A nuna x² na dosar 9 yayin da x ke dosar 3. A takardar shara fara daga inda kake son zuwa: |x² − 9| < ε. Fasa shi: |x − 3| sau |x + 3|. Na farkon yana hannunka, shi δ ke ɗaurewa. Na biyun ne ɗan tawaye. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce δ = ε/|x + 3|, ga x ya shigo cikin δ, ciniki ya ɓaci. Dabarar ita ce ka fara ɗaure x da igiya mai tsawo. Ka ce ko me ya faru δ ba zai wuce 1 ba. To x na tsakanin 2 da 4, x + 3 na tsakanin 5 da 7, don haka |x + 3| < 7. Yanzu abin da ake buƙata 7|x − 3| < ε ne kawai, wato |x − 3| < ε/7. Sharuɗɗa biyu ke nan, sai ka ɗauki δ ya zama ƙarami tsakanin 1 da ε/7.

Babu wani sirri a lambar 1. Da ka ɗauki 2, za ka samu 8 a madadin 7, hujjar kuma lafiya lau. Inda za ka kula shi ne fankshan irin 1/x kusa da 1/2, don igiya mai tsawon 1 za ta kai ka kan 0. A nan sai ka gajarta ta zuwa 1/4.

Jeri ma haka, sai dai a madadin δ ana neman lamba N wadda bayanta tazarar ba ta kai ε ba. A nuna (3n + 1)/(n + 2) na dosar 3. Ɗebe 3, ka haɗa, tazarar ta fito 5/(n + 2). Wannan bai kai 5/n ba, kuma 5/n < ε da zarar n ta wuce 5/ε. Ka sami N ɗinka. Ba a ce ka nemo N mafi ƙanƙanta ba, kowace da ta yi aiki ta wadatar, don haka kada ka ji kunyar yin sakaci da gangan don lissafi ya yi sauƙi.

6. Rubuta da gaba a littafin tsabta

Yanzu juya tafiyar. Ga yadda ta x² za ta fito:

A ɗauki kowane ε > 0. A sa δ ya zama ƙarami tsakanin 1 da ε/7. A ce 0 < |x − 3| < δ. Tunda δ bai wuce 1 ba, x na tsakanin 2 da 4, don haka |x + 3| < 7. Tunda δ bai wuce ε/7 ba, |x − 3| < ε/7. Saboda haka |x² − 9| = |x − 3||x + 3| < (ε/7) × 7 = ε.

Layi shida. Wanda bai ga takardar shara ba zai yi mamakin inda 7 ta fito, kamar yadda kai ma kake mamakin littafi.

Rubuta cikakkun jimloli, da "a ɗauki", "tunda", "saboda haka". Kowane harafi a gabatar da shi kafin a yi aiki da shi, kamar baƙo. Kada ka zuba kibiyoyi barkatai a madadin magana, kuma alamar daidai ba ta nufin "sai kuma". In hanyar cin karo ko indakshan za ka bi, faɗa a layin farko, mai dubawa ya san inda aka dosa.

7. A liniya aljabara, bar ta'arifi ya rubuta maka layin farko

Wannan fannin ya fi analisis tausayi, don abin da ake nema shi ke gaya maka yadda za ka fara. In an ce nuna bektoci na cin gashin kansu, wato ba wanda za a iya haɗa shi daga sauran, layin farko kullum ɗaya ne: a ce haɗinsu da wasu lambobi ya ba da sifili. Burinka ka nuna lambobin duk sifili ne. In an ce nuna rukuni biyu ɗaya ne, ɗauki ɗan wannan ka nuna yana cikin wancan, sannan ka juya. In an ce abu guda ne tak, ɗauka biyu ne ka nuna ɗaya suke.

A ce u, v, w na cin gashin kansu, a nuna u + v, v + w, u + w ma haka. Fara: a(u + v) + b(v + w) + c(u + w) = 0. Tattara: (a + c)u + (a + b)v + (b + c)w = 0. Sai yanzu abin da aka ba ka zai yi aiki: tunda u, v, w na cin gashin kansu, a + c = 0, a + b = 0, b + c = 0. Biyun farko sun ba da b = c, na uku ya zama 2b = 0, don haka b = 0, sauran suka bi. Ka lura mun raba da 2. A lambobin da muka saba ba komai, amma in ka kai aji uku ka haɗu da tsarin lambobin da a cikinsa 1 + 1 = 0, a can maganar ƙarya ce.

Wata da ke yawan fitowa: T fankshan ne mai liniya, wato yana kiyaye haɗawa da ninkawa da lamba, kuma sifili kaɗai yake kaiwa sifili, a nuna ba ya kai bektoci biyu wuri ɗaya. A ce T(x) = T(y). To T(x − y) = T(x) − T(y) = 0, don haka x − y = 0, wato x = y.

Babban tarko a nan shi ne ɗabi'un da ka taso da su daga lambobi. A ninka matiris, AB ba lallai ta zama BA ba. AB = 0 ba ta nufin ɗayansu sifili ne: matiris mai 0, 1 a sama da 0, 0 a ƙasa, ninka shi da kansa ka ga sifili. Kuma ba a soke A daga AB = AC sai an san A na da inbas, wato matiris da ke warware ninkin A. Ajiye wannan ɗan matiris ɗin a aljihu, ya karya maganganun ƙarya da yawa.

8. Bi ta layi layi kamar mai neman laifi

Bar ta ta kwana in da hali. Washegari, a kowane layi yi wa kanka tambayar malamina: wa ya ba ka wannan? Amsa uku kawai ake karɓa: an ba ni a tambaya, ta'arifi ne ko tiyorem da aka riga aka nuna, ko ya fito daga layin da ke sama. Duba ko ka raba da abin da ka iya zama sifili. Duba ko ka ninka rashin daidaito da lamba ƙasa da sifili ba ka juya alamar ba. Koma layin da ka ja a mataki na 1 ka ga ko akwai sharaɗin da ba ka taɓa ba. Duk inda ka rubuta "a fili yake", tsaya nan, galibi wurin da ka kasa ne ka lulluɓe.

Sannan karanta wa abokinka da baki, da Hausa. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta shafi guda da Turanci, a ce ya faɗa da Hausa ya tsaya cak a layi na uku, kuma a daidai nan ɓarakar take. In ba aboki, yi wa bango bayani da murya.

9. In ka maƙale

Za ka maƙale, kowa na maƙalewa. Koma mataki na 2 tukuna. In ta'arifi duk suna nan, sauƙaƙa tambayar: yi ta ga n = 2, ko ga matiris mai layi biyu, ko a = 0. Zana hoto. Duba tiyorem biyu ko uku da suka gabaci tambayar a littafi, don ba banza aka ajiye ta a wurin ba. Rubuta koren abin da ake nema ka ga me zai jawo. Wajen korewa, kowane "ga kowane" na komawa "akwai", kowane "akwai" na komawa "ga kowane". Jeri bai doshi L ba na nufin akwai wani ε da, ko wace N ka kawo, za a samu n bayanta da tazararta da L ta kai ε ko ta fi.

Bayan minti 40 ba motsi, tashi ka yi wani abu. In dole sai ka leƙa amsa, rufe ta da takarda ka buɗe layi ɗaya kawai, ka koma ka ci gaba da kanka. Haka ma za ka riƙa karanta hujjojin littafi: karanta tiyorem, rufe hujjar, gwada, sannan ka buɗe. Bayan ka gama, rubuta dabararta a jimla ɗaya a bayan kati, kamar "ninka su ka ƙara 1" ko "fara ɗaure δ da 1". Wannan jimlar ce abin riƙewa, sauran za ka iya sake gina shi.

A ɗakin jarrabawa ba littafi biyu, don haka ware shafin ƙarshe na takardar amsa ya zama na shara, ka soke shi da layi ɗaya in ka gama. In lokaci ya ƙure ba ka kai ƙarshe ba, rubuta ta'arifin daidai, rubuta layin farko, ka faɗi hanyar da ka yi niyya da inda ka tsaya. Malamai da yawa na ba da maki a kan wannan, kuma ya fi ka cika shafi da abin da kai ma ka san ba haka ba ne.

Ga na gwaji a daren nan: nuna cewa 6 na raba n³ − n ga kowace cikakkiyar lamba n. Sa 2, 3, 4 ka gani tukuna. Kafin ka ruga wurin indakshan, fasa n³ − n gida uku ka dubi lambobin da suka fito, yadda suke zaune kusa da juna.